Na'urar Leƙen Ƙarƙashin Ƙasa: Abin da Ya Kamata Ƙungiya Ta Sani Kafin Ta Haƙa Rijiya

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan watan Fabrairu ya kama, rijiyoyinmu sukan fara ja da baya. Kafin Afrilu sai guga ya riƙa fitowa da laka. Mata da yara su yi sammako zuwa rafi su tona yashi, shanun noma kuwa su rame tun ba a fara sharar gona ba. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, da Bakori da Ƙafur da Ɗanja, sukan ware wani abu daga kuɗin masara da waken soya domin su haƙa rijiyar burtsatse.

Kuɗin nan gumin shekara ne, wani lokaci ma na shekara biyu ko uku. Idan injin haƙa ya zo ya huda ƙasa ya tarar da busasshen dutse, kuɗin ya tafi ke nan, zumuncin ƙungiya ma yakan taɓu. Don haka ake auna wuri kafin a haƙa. Masu awo sukan zo da na'urori iri iri, kowa yana yabon tasa. Ɗaya daga cikin waɗanda ake jin labarinsu ita ce rada mai leƙen ƙasa, wadda wasu ke cewa tana ganin ruwa kamar yadda likita ke ganin ƙashi a hoton asibiti. A wannan fitowa za mu duba yadda take aiki, da inda take da amfani a irin ƙasarmu, da inda ƙarfinta ya ƙare.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN GONAKINMU

Kafin mu yi zancen na'ura, sai mu fara sanin ƙasar da za a auna. Dukan kudancin Jihar Katsina yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Shi ne muke gani ya ɓullo a duwatsun Funtuwa da na Ƙanƙara da Faskari, da falalen da muke shanya hatsi a kai. Inda ba mu gan shi ba, yana nan a ƙasa, ƙasa ce kawai ta rufe shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar da ake ginawa ya san jerin. Da fari akwai ƙasar noma. Sa'an nan jar ƙasa, sau da yawa da marmara mai karya diga. Ƙarƙashinta akwai laka, ja ko fara. In an ci gaba sai a iske ruɓaɓɓen dutse, wanda kamanninsa na dutse ne amma yana marmashewa a hannu. A can ƙarshe sai lafiyayyen dutse. Daga sama zuwa lafiyayyen dutse yakan kai mita 10 zuwa 30, a wani wuri ya fi haka, a wani wuri kuma bai kai mita 2 ba.

Ruwan sama da muke samu, wajen milimita 1,000 a shekara, kaɗan ne daga cikinsa ke nutsewa ƙasa. Wanda ya nutse yakan taru a wuri biyu: cikin ruɓaɓɓen dutsen nan, da cikin tsagogin lafiyayyen dutse. Shi lafiyayyen dutse marar tsaga ba ya riƙe ruwa ko kaɗan.

A nan ne muka bambanta da mutanen Sakkwato da na Barno. A can akwai shimfiɗaɗɗen yashi mai kauri a ƙarƙashin ƙasa, wanda ya yi nisan kilomita da yawa yana ɗauke da ruwa, kusan duk inda aka haƙa da zurfi za a same shi. Namu ruwan kuwa aljihu aljihu ne. Shi ya sa maƙwabci zai haƙa ya sami ruwa mai yawa, kai ka haƙa taku hamsin daga nasa ka sami ƙura. Aikin mai awo shi ne ya nemo inda ruɓaɓɓen dutse ya yi kauri, ko inda dutse ya tsage.

YADDA RADA TAKE AIKI

Kowa ya san amsa-kuwwa. In ka tsaya gaban dutse ka yi kira, muryarka takan komo maka. In dutsen yana kusa ta komo da sauri, in yana nesa ta ɗan jima. Haka rada take aiki, sai dai ita da igiyar rediyo take kiranta.

Na'urar tana da eriya biyu a cikin akwati, ɗaya mai aikawa, ɗaya mai karɓa. Akan ɗora akwatin a kan ƙananan tayoyi a tura shi kamar baro, ko a ja shi da igiya a bisa ƙasa. Kowane ɗan taku, eriya ta farko takan harba igiyar rediyo cikin ƙasa. Duk inda igiyar ta iske canji, watau daga yashi zuwa laka, ko daga ƙasa zuwa dutse, ko bututu, ko rami, sai wani sashe nata ya komo sama. Eriya ta biyu ta karɓa, kwamfuta ta lissafta lokacin da ta ɗauka, ta zana hoto a allo.

Saurin abin ya wuce misali. A cikin iska igiyar rediyo tana cin santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. A busasshen yashi tana cin wajen santimita 15, a ƙasa mai danshi tsakanin 6 da 10, a cikin ruwa kuwa 3 da ɗan abu kaɗan. Mu lura da wannan, gama shi ne asirin na'urar: ruwa yana rage mata sauri ƙwarai, don haka iyakar da ke tsakanin busasshiyar ƙasa da jiƙaƙƙiya takan mayar da amsa mai ƙarfi.

Ga misalin lissafin. A ce igiya ta tafi ta komo cikin kashi 100 na irin wancan lokaci, a ƙasar da saurinta santimita 10 ne. Tafiya da komowa mita 10 ke nan. Rabinsa, mita 5, shi ne zurfin abin da ta taɓo. In mai awo ya yi kuskuren saurin, zurfin da zai faɗa ma kuskure ne. Shi ya sa gwani yakan gwada na'urarsa a kan abin da an riga an san zurfinsa, kamar bututun da aka binne ko bakin tsohuwar rijiya.

Hoton da ke fitowa ba irin na mai ɗaukar hoto ba ne. Layuka ne baƙaƙe da farare kamar saƙar tabarma. Bututu ko dutse guda yakan fito kamar kifaffiyar ƙwarya. Shimfiɗar dutse ko saman ruwa yakan fito kamar dogon layi. Sai wanda ya koya ne yake iya karantawa.

Akwai eriya iri iri, ana bambanta su da lamba irin wadda muke gani a fuskar rediyo. Tashoshin FM suna tsakanin 88 da 108. Eriyar rada mai lamba 50 ko 100 tana shiga da zurfi, amma ba ta ganin ƙananan abubuwa. Mai lamba 250 zuwa 500 ita ce ta neman bututu da waya a zurfin mita 2 ko 3. Mai lamba 1,000 zuwa sama ta duba ƙarfen da ke cikin kankare ce, ba ta wuce rabin mita. Kowace da aikinta. Ƙarfin igiyar kuwa bai kai na wayar hannu ba, ba ya cutar mutum ko dabba ko shuka.

ASALIN NA'URAR

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1910 wasu masana biyu a Jamus, Leimbach da Löwy, suka yi rajistar hanyar neman abin da ke binne da igiyar rediyo. A 1929 aka auna kaurin ƙanƙarar da ke kan duwatsun Ostiriya da ita. A 1956 wani masani ɗan Masar, El-Said, ya gwada auna zurfin ruwa da igiyar rediyo a hamadar ƙasarsu. A 1972 kumbon Amurka mai suna Apollo 17 ya leƙa ƙarƙashin ƙasar wata da rada. Cikin shekarun 1970 ne aka fara ƙera ta don sayarwa. A 2018 aka gano wani tsohon jirgin ruwa binne a gonar wani ƙauye a ƙasar Norway da ita, ba tare da an sa diga ba tukuna.

Ku duba wuraren nan da kyau: ƙanƙara, hamada, wata. Dukansu wurare ne da igiyar rediyo ke ratsawa ba tare da wani abu ya shanye ta ba. A cikin ƙanƙara rada tana iya shiga kilomita 3 ko fiye. A busasshen yashi mai tsabta takan kai mita 15 zuwa 30. Tamu ƙasar dabam ce.

INDA ƘARFINTA YA ƘARE

Babban abokin gaban rada shi ne laka. Jiƙaƙƙiyar laka tana ɗaukar lantarki, saboda haka takan shanye igiyar rediyo kamar yadda soso ke shanye ruwa. A baƙar lakar fadama mai danshi, sau da yawa rada ba ta wuce mita 1. Ƙasa mai kanwa ko gishiri ma haka take yi mata. A jar ƙasar tudu da rani takan ɗan yi nisa, amma mita kaɗan ne, da zarar ta iske jiƙaƙƙiyar lakar da ke ƙasa sai hoton ya dushe.

To, ruwan da rijiyar burtsatse ke nema a yankinmu yana ƙarƙashin wannan laka ne. Yawancin irin waɗannan rijiyoyi a ƙasar dutse sukan kai mita 30 zuwa 60. Ke nan rada ta tsaya tun a ƙofar gida, ruwan kuwa yana can ƙurya.

Akwai wata matsala kuma. A yashi mai manyan ƙwayoyi, saman ruwa yana da iyaka sarai, sama busasshe, ƙasa jiƙaƙƙe. A ƙasa mai laushi kuwa ruwa yakan hau sama a hankali, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Babu iyaka takamaimai, don haka babu amsa mai ƙarfi da za ta komo.

Saboda haka idan wani ya turo akwati a filin ƙungiya ya ce ya ga ruwa a mita 50 da rada, ku riƙe kuɗinku tukuna.

INDA TAKE DA AMFANI GARE MU

Wannan bai sa mu raina ta ba. A aikin da bai yi zurfi ba, babu na'urar da ta kai ta sauri da bayyana abu filla filla.

Na fari, a fadama da bakin rafi. Masu noman rani na tumatir da albasa da rake sun san 'yar rijiyar bututu da ake kafawa a fadama, wadda ta yaɗu ƙwarai tun da aka fara shirin bunƙasa fadama na ƙasa a farkon shekarun 1990. Irin wannan rijiya tana bukatar yashi mai kauri a ƙasa, kuma injin ban ruwa ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. A kan busasshen yashin rafi da rani, rada tana iya nuna kaurin yashin, da zurfin ruwan, da tsohuwar hanyar rafi da ƙasa ta binne. Amma inda baƙar laka ta rufe yashin, sai a koma ga bututun gwaji na hannu, wanda ya fi araha.

Na biyu, wajen gini. Kafin a kafa harsashin sito ko makaranta ko majami'a, tana iya nuna inda fa yake kusa, da tsohuwar rijiya ko masai da aka cike aka manta, da ramin da aka taɓa ɗiban ƙasa. Irin waɗannan ne ke sa bango ya tsage bayan damina biyu.

Na uku, neman bututun ruwa da wayar lantarki da aka binne, musamman a cikin gari kamar Funtuwa da Malumfashi, kafin a haƙa lambatu ko kwalbati. Tana ganin bututun roba ma, wanda na'urar neman ƙarfe ba ta gani.

Na huɗu, madatsun ruwa. Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1970 da taimakon Bankin Duniya tare da na Gusau da na Gombe, ya gina hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ƙasa a yankinmu. Irin waɗannan madatsai sun tsufa. Gara da ɓeraye da saiwar itace sukan yi rami a cikin bangonsu, ba a sani ba sai ranar da ruwa ya ɓalle. A ƙasar Sin ana amfani da rada wajen neman gidan gara a bangon madatsai, muddin bai wuce zurfin mita kaɗan ba.

Na biyar, tana taimakawa wajen gane iyakar tsohuwar maƙabarta, don kada a yi gini ko noma a kan kaburbura.

NA'URAR DA TA DACE DA RIJIYAR BURTSATSE

Abin da masana ƙasa suka fi dogara da shi a irin dutsenmu shi ne awon lantarki. Wani Bafaranshe mai suna Conrad Schlumberger ne ya fara gwada shi a 1912, wani Ba'amurke kuma, Frank Wenner, ya fito da nasa tsarin a 1915.

Ga yadda ake yi. Akan kafa turakun ƙarfe huɗu a jere. Biyu na waje su ake sa wa lantarki daga batir, biyu na ciki kuma su auna yadda ƙasa ta bar shi ya wuce. Sai a ciro na waje a ƙara musu nisa, a sake aunawa, a yi ta haka. Gwargwadon nisan turakun, gwargwadon zurfin da lantarkin ke shiga. Da rani, in ƙasa ta bushe ƙwarai, za ku ga suna zuba ruwa a gindin turaku domin lantarki ya kama.

Lafiyayyen dutse yana tare lantarki ƙwarai, lambarsa takan wuce 1,000 a ma'auninsu. Ruɓaɓɓen dutse mai ruwa yakan ba da gomomi zuwa ɗari ɗaya ko biyu. Laka zalla ita ce mafi ƙanƙanta, sau da yawa ƙasa da 20. Da waɗannan lambobi mai awo ke zana jerin ƙasar, ya ce ga kaurin kowane hawa. Yanzu akwai masu kafa turaku da yawa a lokaci guda a kan doguwar waya, kwamfuta ta zana yankan ƙasar kamar an yanka burodi.

Akwai kuma na'ura mai zobba biyu, wadda mutum biyu ke ɗauka da waya a tsakaninsu, mita 10 ko 20 ko 40. Ita ba ta bukatar turaku, don haka tana da sauri, tana da kyau wajen gano tsagar dutse. Akan fara zaga gari da ita, inda ta nuna alama sai a kafa turaku a tabbatar. Da haɗa waɗannan hanyoyi biyu ne hukumar raya karkara ta Jihar Kano, KNARDA, ta zaɓi wuraren rijiyoyin burtsatse a babban aikinta na shekarun 1980, inda aka haƙa fiye da 1,000. Yawancin ƙasar Kano ta yamma da kudu dutse ɗaya ne da namu.

Duk da haka, mu riƙe wannan: awon lantarki ma ba ya ganin ruwa da ido. Laka da ruwa duka suna barin lantarki ya wuce. Wanda bai ƙware ba zai ga ƙaramar lamba ya ce ruwa ne, a haƙa a tarar da laka mai danƙo wadda ba ta sakin ruwa. Na'ura tana ba da lambobi ne kawai, mutum ne ke fassara. Awo mai kyau yana rage hasara ƙwarai, amma mai gaskiya ba zai rantse muku cewa lalle za a samu ba.

Sai a yi hattara da ƙananan na'urorin da ake yawo da su, waɗanda ke zana hoto mai launi a wayar hannu cikin minti goma, a ce shuɗin nan shi ne ruwa. Launi ba shaida ba ne. Haka nan masu neman ruwa da reshen itace ko sandunan ƙarfe: gwaje-gwajen da aka yi a tsanake ba su tabbatar da cewa sun fi sa'a ba.

SANIN DATTAWA

Mai awo na ƙwarai ba ya fara da na'ura. Yakan fara da tambaya. Wace rijiya ce ba ta ƙafe ba a farin 1973 da na 1984? Gaba nawa aka yi kafin a sami ruwa? A ina aka taɓa haƙawa aka iske dutse? Dattawa da maginan rijiya suna da amsoshin nan a ka. Yakan duba inda ɓaure da kanya da giginya suke tsaye kore shar da rani, da inda suri ya yi layi, da rafin da ya miƙe sambal kamar an ja igiya, gama sau da yawa irin wannan rafi tsagar dutse yake bi. Yakan duba taswira da hoton tauraron ɗan adam. Bayan haka ne yake sanin inda zai shimfiɗa wayarsa. Matambayi ba ya ɓata.

RUWA NAWA MUKE BUKATA?

Ƙungiyoyi da yawa sukan yi baƙin ciki bayan an sami ruwa, domin sun sa rai ga abin da rijiyar ba za ta iya ba. Bari mu yi lissafi.

Mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 a rana don sha da girki da wanka. Mutum 250 ke nan lita 5,000. Famfon tuƙa-tuƙa yakan ba da wajen lita 700 zuwa 900 a awa, watau aikin awa 6 ko 7 a rana. Rijiyar da ke ba da lita 1,000 a awa ta isa unguwa ɗaya sha, har da 'yan dabbobi.

Noman rani kuwa wani abu ne dabam. Ruwa mai kaurin milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Tumatir a zafin Maris yana shan wajen milimita 5 ko 6 a rana, watau lita 50,000 zuwa 60,000 kowace rana a hekta guda. Rijiyar burtsatse a ƙasar dutse da wuya ta ɗauki wannan. Za ta iya riƙe ɗan lambu ko wurin renon itatuwa. Wanda ke son hekta da yawa sai ya nufi fadama ko bakin madatsa. Ku faɗa wa mai awo tun farko abin da kuke so da ruwan, domin ya san irin wurin da zai nema.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

1. Ku raba mai awo da mai haƙa. In mutum ɗaya ne ya auna kuma ya haƙa, to a rubuta a yarjejeniya wanda zai ɗauki hasara in rijiya ta fito busasshiya.

2. Ku tambayi mai awo shaidar karatunsa da rajistarsa da majalisar masana ƙasa da ma'adinai ta Nijeriya, COMEG. Ku tambaye shi garuruwan da ya yi aiki kusa da ku, ku aika mutum biyu su je su gani. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna suna horar da masu wannan aiki. Hukumar samar da ruwa da tsabtar karkara ta jiha, RUWASSA, ita ma wurin neman shawara ce.

3. Ku tambayi sunan na'urar da zurfin da take kaiwa a ƙasa mai laka. In rada ce, aikinta na kusa ne.

4. Ku tsaya a wurin ranar awo. Zurfin da awon turaku ke kaiwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na nisan da ke tsakanin turakun waje ba. Wanda ke neman sanin mita 50 dole wayarsa ta miƙe wajen mita 100 ta kowane gefe. In taku talatin kawai ya ja, bai kai ba.

5. Kada ku tilasta masa wuri ɗaya. Kowa yana son famfo a ƙofar gidan mai unguwa ko a harabar majami'a, amma ruwa ba ya bin girman mutum. Ku ba shi fili ya auna wuri uku ko fiye, ya jera su daga mafi kyau. In wurin ya faɗa a gonar wani, a daidaita da shi a rubuce gaban mai gari kafin inji ya zo.

6. Wurin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga masai, da turken dabbobi, da juji, da maƙabarta, kuma ya kasance ta sama da su in ƙasar gangare ce.

7. Ku karɓi rahoto a rubuce: lambobin da aka auna, zanen jerin ƙasar, zurfin da za a haƙa, da sa hannun mai awo. A kafa turke mai siminti a daidai wurin, gama kauce wa tsaga da taku biyar ya isa a rasa ruwa.

8. Ranar haƙa, magatakardan ƙungiya ya zauna da littafi. Ya ƙidaya sandunan haƙa da suka shiga, da bututun da aka sa. A jera samfurin ƙasar da ke fitowa a gefe, a gwada da abin da rahoto ya faɗa.

9. Kada a biya sauran kuɗi sai an ja ruwan awoyi da yawa ba tsayawa, an auna yawansa da yadda yake komowa, an kuma kai shi ɗakin gwaji. A tabbatar an toshe 'yan mitocin sama da siminti don kada ƙazantar sama ta gangara ciki.

10. Lokacin da ya fi kyau a gwada ƙarfin rijiya, ko a gina rijiyar hannu, shi ne Maris zuwa farkon Mayu, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa iyakar yinsa. Rijiyar da ta cika a Satumba ba ta faɗi gaskiyarta ba tukuna.

Kuɗin awo kaɗan ne in aka gwada da kuɗin haƙa. Ƙungiyoyi uku ko huɗu da ke kusa da juna za su iya haɗa kai su kira mai awo ɗaya a mako guda, kuɗin mota da na masauki ya ragu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ajiye rahoton awo da na haƙa a akwatin ƙungiya, ko da rijiyar ba ta yi ruwa ba. Busasshiyar rijiya ma ta koya mana inda dutse yake, kuma waɗanda za su zo bayanmu ba za su sake zuba kuɗi a rami ɗaya ba. Muna roƙon shugabanni su karanta wannan bayani a taron wata mai zuwa, a kira mata su ma su ji, gama su ne suka fi kowa sanin nisan rafi. Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙungiyar da ke son haƙa da bazara, ta fara neman mai awo tun da kaka.